Jirgin katakon da na shiga bayan rasuwar autanmu

A bakin Kwara aka haife ni, a ƙasar Yauri, inda yaro kan iya iyo tun bai gama haddace Fatiha ba. Mu ba Sarkawa ba ne. Mahaifinmu fataucin albasa da shinkafa yake yi, amma duk wanda ya tashi a yankinmu jirgi ne motarsa. Da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake kai amarya, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan ya faɗaɗa ya zama tafki, ya haɗiye gonaki da itatuwa, kuma har yau kututturan suna nan a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi. Mun san da haka tun muna yara. Sani ne irin wanda ba ya hana komai.

Ni ne ɗan fari, shi ne auta, shekara 14 tsakaninmu. Bayan rasuwar mahaifinmu ni na riƙe karatunsa, shi kuma ya riƙe mini harkar kasuwa a gida, don a lokacin aiki ya kai ni Nairobi, babban birnin Kenya, wurin wata ƙungiya mai harkar noma. Wata ranar kasuwa na aike shi tsallake ya karɓo buhunan shinkafa. Da la'asar sakaliya ya kira ni ya ce, "Yaya, jirgin nan ya cika ƙwarai, ko in kwana in biyo na safe?" Na ce masa ai kullum haka yake cika, ya shigo kawai, mai sayen kayan da sassafe zai zo. Ya ce to. Jirgin ya tashi bayan magariba. Sai bayan kwana 2 aka ga gawarsa.

Na zo gida, aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai, na karɓi gaisuwa kamar kowa. Ban faɗa wa kowa maganar wayar nan ba, har Inna. Na koma bakin aiki da ita a cikina. Shekara 3 ban yarda na kusanci ruwan da ya wuce na bokiti ba. In mota za ta hau gada sai in sunkuyar da kai har a wuce. In na zo hutu, zagaye mai nisa nake yi ta titi don kada in ga bakin kogi. Barci ya zama sai na ɓarawo, abinci sai don dole, na rame har wandunana suka daina zama. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ni magani, ya haɗa ni da mai ba da shawara. Maganin ya taimaka mini da barci, kuma ina shawartar duk wanda ya kai wannan hali ya je asibiti kada ya ji kunya. Sai dai tambaya ɗaya ta ƙi barina: me ya faru a cikin jirgin nan daga lokacin da ya tashi zuwa lokacin da ya kife? Ba wanda na iya tambaya, don duk wanda zan tambaya a gida zai so sanin dalilina.

Wani abokin aikina, mutumin gaɓar tekun Kenya ne kuma Musulmi, shi ya lura da ni. Ya ce shi da wasu mutum 3 za su yi hutun kwana 6 a Lamu cikin jirgin katako mai tafiya da iska, in zo mu je. Na ƙi har sau biyu. A karo na uku na amsa, kuma gaskiyar abin da ya sa na amsa shi ne ina so in zauna kusa da wanda ya san jirgi amma bai san ni ba.

Lamu tsibiri ne a arewacin gaɓar Kenya, a Tekun Indiya. Jirgin sama a tsibirin Manda yake sauka, sai a yi fito zuwa garin. Tsohon gari ne na Suwahilawa, gine-ginen dutsen murjani da ƙofofin katako masu sassaƙa, lunguna matsattsu kamar na cikin birnin Kano, jakai ne motocinsu. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Akwai masallacin Riyadha da Habib Swaleh ya kafa, inda ake babban taron Maulidi duk shekara. Wannan ɗan fiton na minti kaɗan daga Manda, idona rufe na yi shi, hannuna biyu a kan benci.

Jirginmu irin wanda suke kira mashua ne, tsawonsa kamar mita 12, bayansa a yanke. Babba mai ɗaukar kaya shi ne jahazi, ƙaramin na masunta mai fukafukai biyu na itace kuma ngalawa. Shugaban jirgi nahodha ake ce masa, ma'aikatansa baharia. Nahodhanmu dattijo ne, da yara 3. Mu fasinja 5, jimla 9. Rigunan ruwa 10 ya nuna mana tun a tudu, ya sa kowa ya gwada tasa ya ɗaure, ya ce rigar da ba a daidaita igiyarta ba fita take yi ta kai da zarar mutum ya faɗa ruwa.

Kafin mu yi nisa sai da muka biya Matondoni, ƙauyen masassaƙan jirage a yammacin tsibirin, kuma a nan na fara fahimtar abin da nake zaune a kai. Da ƙashin baya ake farawa, dogon gungume ɗaya da suke kira mkuku. A kansa ake kafa haƙarƙari, mataruma, daga rassan da suka tanƙwara da kansu tun a bishiya, saboda itacen da aka yanko a karkace daga miƙaƙƙen gungume yakan tsage. Sai a bi da alluna, mafi daraja na itacen mbambakofi, a kafe su da ƙusoshin ƙarfe a lanƙwashe bakinsu ta ciki. Babu zane a takarda, ido ne da igiya da gizago. A da can ma akwai wani jirgi, mtepe, da ba a sa masa ƙusa ko ɗaya, ɗinke allunan ake yi da igiyar ɓawon kwakwa. Tsakanin allo da allo kuwa auduga ake jiƙawa da mai a cusa da kurfi da guduma, aikin da suke kira kalafati. A shafe katakon da man hantar kifin shak, mai wari sosai, don kada rana ta busar da shi ya tsage. Ɓangaren da ke cikin ruwa a shafa masa farar ƙasa da kitse, ko fenti na musamman a yanzu, saboda wata tsutsar teku da ke huda katako ta ciki, waje lafiya lau, ciki kamar gara ta ci.

Masassaƙin ya gaya mana abin da ban taɓa tunani ba duk da na tashi a bakin ruwa: babu jirgin katakon da ba ya shan ruwa. Sabo ma yana sha. Wanda ya daɗe a tudu ya fi sha, don allunan sun bushe sun ja baya, sai ya kwana biyu a ruwa su kumbura su matse. Abin lura shi ne yawan abin da yake sha, da kuma ko akwai wanda aka ɗora wa kwashewa. A jirginmu ƙaramin baharia ne mai wannan aiki. Safe da yamma zai ɗaga allon da ke can baya inda ruwan ke taruwa, ya kwashe da yankakkiyar jarka, yana ƙirgawa da ƙarfi nahodha na ji. In jiya 15 ya kwasa yau kuma 30, to wani wuri ya buɗe, a nemo shi tun da rana.

Lodi ma da ƙa'idarsa. Jarkokin ruwan sha 12 masu lita 20 muka ɗauka, wato lita 240, kusan lita 4 da rabi ga kowane mutum a rana, sha da girki da alwala. Wanka da wanke-wanke da ruwan teku ake yi, sai a ɗauraye da kofi ɗaya na mai daɗi. A tsibiran arewa ruwan sha wahala gare shi, yawanci na sama ne da aka tara a tankunan siminti, don haka ba a dogara da samu a hanya. Sai shinkafa kilo 10, fulawa, kwakwa, gawayi buhu ɗaya, fetur lita 60 na ɗan injin da ake maƙalawa a baya in iska ta ɗauke. Duk mai nauyi ƙasa ya tafi, tsakiyar jirgi, a kan ƙashin bayan nan, aka ɗaure don kada ya gangara. Jakunkunanmu marasa nauyi su ne a sama. Ga kuma buhunan yashi guda 8 waɗanda ba su da aiki sai gyara zaman jirgi. Da aka gama, nahodha ya leƙa gefe ya auna tazarar bakin jirgi da ruwa da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Dhiraa suke ce wa wannan awo, zira'in nan namu, kamu ɗaya. Ya samu ya haura kamu ɗaya da rabi, sannan ya yarda. Na tuna jiragen kasuwarmu da mutum kan zauna a baki ya wanke hannu ba tare da ya sunkuya ba.

Ranar da za mu nufi arewa muka yi asarar yini guda, kuma dalilin ya cancanci a sani. Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, awa ta ɗaya. Nahodha ya ce a hallara saa tatu, wato 9 na safe. Ɗaya daga cikinmu ya ji "uku", ya ɗauka 3 na yamma, ya tafi yawonsa ƙauyen Shela da waya a kashe. Hanyar arewa kuwa ta wani siririn mashigi take bi tsakanin Manda da babban tudu, sunansa Mkanda, wanda jirgi irin namu ba ya wucewa sai ruwa ya ciko. Teku ba kamar kogi ba ce da ke cika da damina ta janye da rani. Sau biyu take cikowa a yini da dare, sau biyu ta janye, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan ta. A farkon wata da tsakiyarsa cikowar takan yi girma, bambancin ya kai kusan mita 3, suna ce masa bamvua. A wajen 7 ko 8 ga wata, da 22 ko 23, sai ta yi rauni, maji mafu, mataccen ruwa. Shi ya sa nahodha ba ya duba kalandar Bature, kwanan watan Musulunci yake riƙewa. Mu a 8 ga wata muke, ruwa mai rauni, damar wucewa gajera.

Da mutumin ya dawo ruwa ya riga ya janye, laka ta fito. Cikowa ta gaba sai wajen 11 na dare. Abokan tafiya suka ce ga farin wata, ga inji, a wuce mana. Nahodha ya ce shi ba ya shiga Mkanda da dare da baƙi a jirgi, ko nawa za a ƙara masa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake magana a kai ba. Na koma gefe na zauna, don kalmar "dare" ta taɓa inda ke mini ciwo.

Washegari muka wuce da hantsi, itatuwan mikoko dama da hagu, saiwoyinsu a tsaye cikin ruwan gishiri, yaro ɗaya a gaba da gora yana auna zurfi. Da muka fita sarari aka kashe inji aka ɗaga tanga. Tanga shi ne ƙyallen da iska ke turawa, na auduga mai kauri, ƙyalle-ƙyalle aka ɗinke, siffarsa kusan kusurwa uku. A jikin wata doguwar sanda ake ɗaure shi, foromali, wadda sanduna biyu ne ko uku aka haɗa, tsawonta ya kai na jirgin ko ya fi. Ita kuma ana jan ta sama a jikin ginshiƙin jirgi, mlingoti, wanda ya ɗan karkata gaba. Mutum 3 ke jan igiyar, da waƙa, don nauyi gare ta. Kusurwar tanga ta baya tana da igiyarta, demani, kuma ran jirgin a nan yake. Nahodha na riƙe da sandar juya jirgi da hannu ɗaya, idonsa a kan demani. Ba a taɓa yi mata ƙullin da zai yi wuyar kwancewa. Naɗi ɗaya ake yi a riƙe bakin a hannu.

Watan Fabrairu ne, lokacin kaskazi, iskar arewa maso gabas da ke kaɗawa daga wajen Disamba zuwa Maris. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba kusi ce, daga kudu, mai ƙarfi da tayar da teku, ba lokacin yawon baƙi ba. Da waɗannan iskoki biyu fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa daga Oman da Yaman da Indiya su koma. Mu da muka nufi arewa, iska a goshinmu take, kuma jirgi ba ya shiga cikin iska kai tsaye, sai dai ya yi ta saɓi-zarce, ya karkata dama ya yi nisa, ya juyo hagu. Kowane juyi aiki ne. A saki demani, a juya wa iska baya, a ja ƙasan foromali har ta miƙe tsaye, a zagayo da ita ta gaban ginshiƙi zuwa ɗaya gefen, yaro ya ruga da demani ya zagayo da ita, a mayar da igiyoyin da ke tallafe ginshiƙi ɓangaren da iska ke fitowa, a kwashe buhunan yashi a mayar can, mu ma mu koma. In aka yi kuskure iska ta bugi tanga ta baya ta manna shi da ginshiƙi, jirgi na iya kwantawa nan take, don a lokacin nauyin duka yana gefen da bai dace ba. Kwana 2 muka yi kafin tsibirin Kiwayu da muka nufa, tafiyar da kwale-kwale mai babban inji ke yi cikin 'yan awoyi.

Mun tsaya a tsibirin Pate, mun ga ganuwar Siyu, mun sayi kifi a Faza. Abinci kusan iri ɗaya ne kullum kuma ban gaji da shi ba: shayi mai citta da mahamri, wani irin fanke, da safe, da rana shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa da kifin da aka kama da ƙugiyar da muke ja a baya, a gasa shi a murhun gawayi da aka girke cikin akwatin yashi. Mai jin jiri kada ya shiga ƙarƙashin rumfa ya kwanta, ya zauna a iska ya kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ya tauna citta.  Wajen salla, a gida alƙibla gabas take, a can kuwa arewa ake fuskanta, don Makka na arewa da su kusan daidai. Muna yin ƙasaru, in jirgi na rawa a zaune, in mun sauka a kan yashi a tsaye.

A dare na huɗu na ga amfanin lissafin wata. Mun kusa 13 ga wata, cikowa ta fara girma, janyewa ma haka. Nahodha ya sa aka jefa anka nesa da gaɓa fiye da yadda muka saba, aka saki igiya kamar ninki 5 na zurfin wurin, saboda gajeriyar igiya sama take fizgar anka ta tumɓuke ta, doguwa kuwa a kwance take ja, ƙugiyar ta ƙara nutsewa cikin yashi. Da asuba wurin da muka so tsayawa tun farko ya zama tudu, duwatsun murjani a waje.

A hanyar dawowa abin ya faru. Iska na bayanmu, jirgi na gudu, kowa na jin daɗi. Kaskazi takan ƙara ƙarfi bayan azahar, kuma mun zo wani buɗaɗɗen wuri inda ruwa mai fita ke karo da iska, taguwar ruwa ta yi tsayi ta matso kusa da juna. Wasu kifaye masu tsalle suka bayyana ta gefen da jirgin ya karkata, mutum 3 suka tashi lokaci ɗaya suka nufi can da wayoyinsu. Daidai nan iska ta bugo. Bakin jirgi ya sha ruwa, na ga teku tana zubowa ciki kamar an kwance bakin rijiya. Nahodha ya daka tsawa a zauna, ya saki demani gaba ɗaya, tanga ya tashi yana kaɗawa da ƙara kamar ana harbi, jirgin ya miƙe. Yara biyu suka haye gefen sama. Duk abin bai kai minti ɗaya ba.

Ni kuwa na sandare. Ina jin muryar autanmu a kunnena, "Yaya, ko in kwana?" Ruwa ya kai mini idon sawu, yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da jirgi ya motsa. Sai na ji an dangwara mini yankakkiyar jarkar nan a cinya. Nahodha ne. Ya ce, "Ndugu," wato ɗan'uwa, "kwashe, ka ƙirga." Na fara kwasa hannuna na rawa. Na kai 20, na kai 50, ƙaramin yaron na gefena da bokiti. A 140 jarka ta fara kartar katako. Aka sauke babban tanga aka ɗaura ƙarami, don irin wannan tanga ba a iya rage shi yana sama, sai dai a canza. Muka ci gaba da tafiya.

Da dare, mun jefa anka a bayan Manda, wata ya cika, sauran sun yi barci, na gaya wa dattijon nan abin da ban gaya wa mahaifiyata ba. Da guntun Turanci da guntun Larabci muka yi, abokina na cike mana giɓi. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya shiga tambaya kamar likita. Mutum nawa jirgin ya saba ɗauka, nawa ya ɗauka ranar? Buhunan a ƙasa suke ko an jibge su sama mutane sun hau kai? Akwai babura a ciki, an ɗaure su? Bakin jirgi da ruwa yatsa nawa? Akwai fitila? Wa ke kwasar ruwa? Na amsa abin da na ji daga waɗanda suka tsira.

Ya ɗauki kwanon shayi ya zuba ruwa rabi, ya ɗora a tafin hannunsa ya karkata kaɗan, ruwan duka ya gudu gefe ɗaya. Ya ce haka ruwan cikin jirgi yake, duk inda jirgi ya karkata can zai bi ya ƙara danne shi, shi ya sa ruwa kaɗan a ciki ya fi kaya mai yawa haɗari. In lodi ya yi sama, jirgi ya rasa ƙarfin miƙewa in ya karkata. In bakinsa ya kusa ruwa, ƙaramar taguwa ta isa. In ya daki kututture cikin duhu, mutane za su zabura su yi gefe ɗaya, kamar yadda na gani da idona da rana. Ya ce a jirgi irin wancan abin ba ya ɗaukar lokaci, kuma cikin duhu, da kaya na faɗowa kan mutane, gwanin iyo ma sai Allah. Sai ya ce, "Kai ka ce ya shiga. Amma wanda ke riƙe da jirgi shi ke cewa an isa, shi ke cewa ba a tashi da dare. Ka ɗauki naka, kada ka ɗauki nasa. Ajali kuwa na Allah ne."

Bai wanke ni ba, kuma da ya wanke ni da ban yarda da shi ba. Yaron ya ga haɗari da idonsa ya faɗa mini, na fifita cinikin safe. Wannan nawa ne, ina neman gafarar Allah a kansa har gobe. Amma daren nan ne karo na farko da na san girman abin da nake ɗauke da shi, na kuma san abin da ya faru a cikin jirgin. Na yi kuka mai yawa, na yi barci a kan allunan har rana ta fito.

Bayan wata 2 na ɗauki hutu na zo gida. Na sami Inna a ɗaki bayan isha'i, na zauna a ƙasa na gaya mata komai, har kalmomin da na faɗa a waya. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Ita ba ta kiran sunana, kunyar ɗan fari. Ta ce, "Kai ma ya kira ka ashe. Ni ma ya kira ni. Na ce masa ya taho, na ajiye masa tuwo." Shekara 3 muna gida ɗaya in na zo, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu iri ɗaya.

Yanzu na dawo gida da zama, na karɓi harkar shinkafar. Na sayi rigunan ruwa 6 na ajiye a shago, duk yaron da zan aika tsallake sai ya ɗauki ɗaya ya ɗaure a gabana. Kayana ba sa hawa jirgin da zai tashi bayan la'asar, ko mai saye zai fasa, kuma an sha fasawa. In na zo bakin ruwa nakan leƙa cikin jirgi in ga ko akwai ruwa kwance a ƙasa, in dubi inda aka sa buhuna da babura, in sa hannu in auna baki. Sau da yawa na sauko na bar kuɗin fitona, ana yi mini kallon matsoraci. Wasu 'yan fiton sun fara sanina, akwai biyu da ke ajiye mini wuri a tashin farko.

Bara Inna ta ce in kai ta tsallake ta gano ƙanwarta, rabonta da ruwa tun ranar. Muka shiga na ƙarfe 7 na safe, mu 18 a jirgin da ke ɗaukar 30. Na ɗaura mata rigar a kan hijabinta, na ja igiyar har ta ce ya isa. Ta zauna a tsakiya, a ƙasa, tana jan carbi. Da muka kai rabin tafkin ta tambaye ni ko nan ne wurin. Na ce an ce gaba kaɗan ne, wajen waɗancan kututturan. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, na shafa, mai jirgi ya rage gudun inji har muka wuce.